Ni Na Kori Shamuwar Gidanmu

Assalamu alaikum, Ummina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin ci, kin sha, kin samu inda za ki miƙe ƙafa. Allah Ya tsare min ke a ruwa da tudu, Ya kare ki daga sauro da maciji da mugun mutum, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronSa. Babanki ya ce in gaya miki ki riƙa sa dogon takalmin robar nan ko zafi zai kashe ki, wai ya san halinki.

Na san sai kin yi dariya in kin kwance ƙullin yaji kin ga takarda a ciki. Inna da ko saƙon waya sai an taya ta turawa, yau ita ce da wasiƙa shafi-shafi! To, firamaren da na yi ba ta tafi a banza ba. Ina rubutun nan ne da la'asar, kin fita sallamar dangi, gobe kuma za ki hau mota a Ɗanbatta ki nufi dausayin gabas, inda kika ce za ku shekara kuna ƙirga tsuntsaye kuna sa musu zobe a ƙafa. Har yanzu in mata sun tambaye ni aikinki, nakan ce karatun dabbobin dawa kika yi a jami'a, sai su riƙe baki, ni kuwa in ƙara gyara zama don jin daɗi.

Ga dalilin takardar. A cikin wayarki akwai muryata, kuma abin da muryar nan ta faɗa miki ƙarya ne. Kin ce ƙarshen wata za ki miƙa wa malaminki rubutun da kika yi a kan abin da ya hana shamuwa zuwa garinmu. Don Allah kada ki miƙa sai kin karanta wannan har ƙarshe. Sau uku ina buɗe baki in gaya miki a satin nan, sau uku ina ɓigewa da tambayarki ko kin ɗauki man shafawa.

Amma bari in fara da ƙananan laifuffukana. In na fara da babban, hannuna ba zai yarda ya ci gaba ba.

Ina ’yar shekara tara ko goma, muna roron gyaɗa a gonar babana can wajen Kunci, na ga ɗan zomo kwance a gindin gamba. Shi kaɗai, idanu a buɗe, ko motsi ba ya yi. Tausayi ya kama ni. Na ce wayyo, maraya ne, na naɗe shi a gefen zanena na kai gida. Na tatsi akuya na ɗura masa da cokali, na yi masa shimfiɗa a cikin ƙwarya. Kwana biyu ya yi ya mutu. Ina kuka babana ya same ni, ya ce, “Wa ya gaya miki maraya ne? Uwarsa ce ta ajiye shi. Haka zomo yake yi, ya ɓoye ɗansa ya yi nesa da shi don kada ya jawo masa ido, in wuri ya yi shiru ya dawo ya ba shi nono. Ita ta dawo ba ta same shi ba, shi kuma ga shi kin kashe shi da alheri.”

Ummi, ke ma zuciyar nan gare ki, a wurina kika ɗauko ta. Za ki ga ɗan tsuntsu shi kaɗai a cikin ciyawa, hannunki ya riƙa ƙaiƙayi. Ki sa hannun a aljihu. Ki ja da baya, ki ɗaga madubin hangen nesan nan naki, ki jira. Dabba ta fi ki sanin yadda ake renon ɗanta.

Na biyu, ina amarya a gidan nan. Na leƙa tsohon rumbu da rana tsaka zan ɗebo dawa, sai muka yi ido huɗu da mujiya, farar fuskar nan kamar an shafa mata alli. Ihun da na kurma har maƙwabta sai da suka shigo. Na rantse ba zan kwana gida ɗaya da tsuntsun mutuwa ba, na sa aka yi mata hayaƙin barkono ta fita ba shiri. Da na shiga share wurin, na tarar da wasu dunƙule-dunƙule a ƙasa, sun ɗara kashin akuya girma. Na fasa ɗaya da tsinke. Gashi ne zalla da ƙananan ƙasusuwa, har da kan ɓera da haƙoransa. Ashe gadin hatsinmu take yi, ba ta taɓa neman ko na gode ba. Shekarar nan ɓeraye sun yi bikinsu a rumbun.

Don haka kafin ki yanke wa wata halitta hukunci da fuskarta, ki duba abin da take ci da abin da take bari a ƙasa. Kuma in kin je ƙauyen da ake tsoron mujiya, kada ki yi musu dariyar ’yan boko. Uwarki ma ta tsala ihu.

To, yanzu ga babban.

Kin san ceɗiyar ƙofar gidanmu. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda take a da. Rassanta sun haye katanga sun rufe kusan rabin tsakar gida. Iya, kakarki da aka sa miki sunanta, Allah Ya ji ƙanta, ta ce tun kafin a kawo ta gidan nan shamuwa take sauka a kanta. Duk shekara in zafin bazara ya kai maƙura, gabas ta fara haɗa gira, sai a wayi gari a gan su: baƙin baya, farin ƙirji, suna tsaye a kan tsoffin sheƙunansu kamar masu gida sun dawo daga tafiya. Ranar nan maza za su fara fito da iri suna duba sungumi. Ba mai jifan su, ba mai taɓa ƙwansu, ko yaron da ya fi kowa rashin ji a garin ya san wannan. Baƙi ne, haka Iya take ce musu.

Ke kuwa kina ’yar shekara biyar, ba ki da aiki sai zama a gindin ceɗiyar nan, baki a sake, kai a sama. Ke kika fara gaya min wai mijin da matar karɓa-karɓa suke yi wajen kwanci, ɗaya ya tashi ɗaya ya zauna. Na ce ki rufa min baki, ina aiki. Kika jera tsakuwa bakwai a bakin zaure, kowace sheƙa da tsakuwarta. In suka dawo daga gona suka amayo wa ’ya’yansu fara, sai ki rugo ki ja zanena: “Inna, zo ki ga, suna ba su abinci!” Sarkin surutu, tun a lokacin.

Ni kuma abin da na sani game da shamuwa shi ne kashi. Kashi a wanki, kashi a murfin randa, kashi a turmi, fari fat kamar an watsa farar ƙasa. Kullum ina mita, kullum Iya tana cewa, “Wata nawa ne? Ki yi haƙuri, su ma da iyali suka zo.”

A shekarar, ƙanwar babanki ta haihu a Bagwai. Babanki ya tafi suna da ke da Iya, za ku kwana biyu. Ni na zauna saboda daddawa. Kin san wahalarta: wuni guda ina hura wuta a ƙarƙashin kalwa, na surfa, na wanke, na sake dafawa, na rufe ta da ganye ta kwana uku, na kirɓa har kafaɗuna suka daina jin nawa ne. Na mulmula, na jera a tabarma, na ja ta can inda nake ganin rassan ba su kai ba. Na shiga ɗaki na yi azahar. Kafin in fito, ko tashi suka yi gaba ɗaya ko me, oho. Tabarmar nan tun daga wannan baki har wancan an yi mata ruwan kashi. Ko guda ɗaya ban tsira da ita ba.

Ummi, kin san zuciyata in ta hau. Idona ya rufe. Ina tsaye ina huci sai na ji muryar Tanko mai faskare, mutumin wajen Kunci da yake yawo da gatari gari-gari, yana cigiyar aiki a bayan katanga. Na yafa mayafi na tsaya a zaure na ce ya hau ceɗiyar nan ya sauke min rassanta, awaki suna bukatar ganye.

Ya ɗaga kai ya duba, ya ce, “Uwargida, akwai sheƙa fa. Har da ’ya’ya nake hange.”

Na ce, “Na gani. Da idona nake.”

Ya ce, “Maigidan ya sani? Ko a bari su tashi tukuna, bayan damina in dawo?”

Na ce, “Malam Tanko, in ba za ka iya ba ka faɗa min, in nemi mai iyawa.”

Ya ƙara ɗaga kai ya dubi sheƙunan. Ya ce, “To, Allah Ya yafe mana.” Ya cire takalmi ya hau.

Ban hana shi ba ko da reshe na farko ya faɗo na ji ƙarar ƙwai. Wallahi na ji ta, har yau ina jin ta. Zuciyata ta ce ki ce ya isa, girman kai ya ce ai an riga an fara. Kafin la'asar ceɗiya ta koma kamar hannun da aka yanke wa yatsu. Ƙasa kuwa ga ƙirare, ga ɓawon ƙwai, ga ’ya’yan da ko gashin kirki ba su yi ba. Iyayen suka yi ta kewaya sama, suka gaji, suka sauko suka jeru a kan katanga suna kallon wurin. Kin fi ni sani, shamuwa ba ta da kuka irin na sauran tsuntsaye. Da ma ihu suka yi min, da ya fi min sauƙi. Tanko ya sauko bai ko kalle ni ba, ruwan da na miƙa masa ma bai sha ba.

Na share wurin tas, na haƙa rami a bayan gida na binne. Guda ɗaya na samu da rai, na ɓoye shi a kwando cikin madafi. Kin san me na ba shi? Jiƙaƙƙen gero. Ni da na yi shekara da shekaru a ƙarƙashin bishiyar nan, ’yata ’yar shekara biyar tana ja min zane in zo in ga ana ba su fara, ban taɓa ɗaga kai na duba ba. Washegari ya bi ’yan’uwansa.

Da kuka dawo, Iya ta tsaya a ƙofar gida ta daɗe tana kallon sama. Ta shigo ta dube ni ta ce, “Ke kuwa me suka ci miki?” Daga nan kwana uku ba ta sa tuwona a baki ba. Babanki ya ce, “Kin kyauta ke nan?” ya shige turakarsa. Duk wannan na iya ɗauka. Sai ga ki kin shigo da gudu, da ɗan kunshin alewar suna a hannu, kin ce, “Inna, ina shamuwata?”

Na ce iska ce ta zo ta karya rassan, sun tafi, baɗi za su dawo.

Iya tana ji, babanki yana ji. Ba wanda ya ƙaryata ni a gabanki, suka rufa min asiri, kuma rufin nan ya fi min duka ciwo. Kika je kika kwashe tsakuwoyinki kika zuba a wani gwangwani, wai sai baɗi.

Baɗi ta zo, guda biyu suka zo suka kewaya. Ceɗiya ta yi toho, amma ’yan siraran rassa ne da ba za su ɗauki sheƙa ba. Suka wuce. Daga baya bishiya ta murmure ta yi inuwa kamar ba a taɓa ta ba, su dai ba su ƙara sauka ba. Kada ki zaci wani bala'i ya same ni. Ruwa ya sauka a kan lokaci, gero ya yi kyau, daddawata ta bushe lafiya lau shekara da shekaru. Abin da ya same ni shi ne ke: duk bazara sai kin fita ƙofar gida kin ɗaga kai, har kika yi girman da kika daina tambayata kika koma tambayar littattafai.

Ki ji shawarata a nan. Duk abin da ya shekara ɗari yana tafiya, kada ki yanke shi a ranar da ranki yake ɓace. Za ki gamu da masuncin da ya kama tsuntsun da kika sa wa zobe, ko manomin da ya ƙone ciyawar da kike ƙirga sheƙuna a ciki. Zuciyar nan tawa da ke ƙirjinki za ta taso. Ki tafi ki sha ruwa, ki kwana, sannan ki dawo ki yi magana. Shi ma wataƙila tasa daddawar aka ɓata.

Saura ƙaryar da ke cikin wayarki. Bazarar da ta wuce kika dawo hutu da littafi da biro, kina bi gida-gida kina tambayar tsofaffi yaushe shamuwa ta daina zuwa, me ya kore ta. Kika zaunar da ni a tabarma kika danna waya, har da wani gyaran murya: “Hajiya, ko za ki gaya mana sunanki?” Ja'ira, kamar ba ni na yi wankan jegonki ba. Babanki yana gefe yana tufkar igiya. Kika yi tambayar da na shekara kusan ashirin ina gudu. Ga fuskarki nan, irin ta ranar alewar suna. Sai na ji bakina yana cewa, “Ai tun da aka fara feshin nan a gonakin wake suka ɗauke ƙafa.”

Hannun babanki ya tsaya cak. Ya ajiye igiyar ya fita. Ke kuwa har da tafi: “Inna, kin gama min aiki! Daidai da abin da nake zato ke nan.” Da kika tashi ya dawo ya tsaya a kaina ya ce, “Yarinyar nan fa rubutawa take yi. Wasu za su karanta su yarda.” Na ce na ji. Ya ce, “Jin ba shi ne ba.”

To ga gaskiya, ki rubuta ta yadda take. Feshi bai shigo garinmu ba sai bayan shekaru da barin su gidanmu. Sheƙa bakwai na ceɗiyarmu gatari ne ya sauke su, da ƙwai da ’ya’ya a ciki, kuma ni na sa. Sheƙunan da ke kan durumin masallaci da suka yi ta raguwa daga baya har suka ƙare, wannan ban sani ba. Ko feshin ne ya kashe farar da suke ci, ko su ma sara ne, Allah masani, ke kuma aikinki ne ki gano. Abin da na gani da idona daban, abin da nake zato daban, kada ki bari su cakuɗe miki kamar yadda na cakuɗa miki su. Kuma duk ranar da wani ya ba ki amsa ta zo daidai da abin da kike so ki ji, ranar ce za ki ƙara tambaya.

In kin dawo hutu ki nemi Malam Tanko. Yana nan da ransa, ya tsufa, ya ajiye gatari. Babu bishiyar da aka sassare a yankin nan da bai san ranarta da dalilinta ba. Mutane da yawa suna sauke ganye don tumaki a ƙarshen rani, daidai lokacin da tsuntsayen suke gyaran sheƙa, ba kuma don mugunta ba. Ki je masa da goro, ki gaishe shi da kyau, ki ce ni na aiko ki. Zai gane.

Can inda za ki ma haka mutane suke. Ba wanda zai kalli baƙuwa da littafi a hannu da waya a kunne ya ce ni na ɗebe ƙwan, ni na sare bishiyar. Kunya ce, ba rashin gaskiya ba. Za su ce miki iska ce, za su ce feshi ne, za su ce ikon Allah. Ki ajiye littafin. Ki zauna ki taya matan ɓarar gyaɗa ko gyaran kifi, ki sha ruwan da suka ba ki. In hira ta yi hira, ki ce musu, “Ni innata ma ta taɓa sa an sare bishiyar shamuwa saboda daddawa.” Na ba ki labarin nan kyauta, ki faɗe shi duk inda zai yi amfani, ko a gaban malamanki ne. Za ki ga yadda bakuna za su buɗe. Na ɓoye shi shekara ashirin bai amfani kowa ba, gara ya fita ya yi aiki.

Abu ɗaya nake tsoro, kuma zan faɗe shi ƙarara. Ina tsoron ki karanta wannan ki daina kallona yadda kike kallona. Ke ce kike gaya wa ƙawayenki wai a wurin Inna kika koyi son dabbobi. Ba a wurina ba ne, Ummi. Ke kika zo da abinki, ni ce ma na sare miki shi, kika ƙi bari ya mutu. Ina alfahari da ke fiye da yadda bakina ya iya faɗa, ina kuma neman ki yafe min, ke da kika yi ta fita ƙofar gida kina jiran abin da na san ba zai zo ba.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko kina cikin kwalekwale. Ki sa gidan sauro. Ki ci abinci, ba shayi da burodi kullum ba. Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo min da ke lafiya, Ya sa albarka a idonki da bironki, Ya sa abin da za ki rubuta ya zama gaskiya ko da a kan uwarki ne.

In kin kira waya, kada ki tsaya doguwar gaisuwa, ba zan ji komai ba sai kin faɗa min matsayina. Gobe kuma in na raka ki zaure kin ga na kasa haɗa ido da ke, kika ɗauka kukan rabuwa nake ɓoyewa, to yanzu kin san dalili.

Wassalam.

Innarki.